Sunan da Inna Ta Riƙe

Sharifa na ɗaura ɗankwali a ɗakin mahaifiyarta Hajiya Rakiya a unguwar Treichville ta Abidjan, sai uwar ta tsare ƙofa.

"Sai ina?"

"Tashar Adjamé, Maman. Innar mijina ce za ta sauka daga Bouna. Idonta ya kusa rufewa, garinsu kuwa babu likitan ido. Zaharaddin yana mayanka, na yi masa alkawari ni zan tarbo ta."

"Kin auro ɗan ƙauyen arewa mun yi shiru, yanzu ƙauyen ne zai taso mana? Yau uwa, gobe ƙanne. Zauna ki ci abinci, ba inda za ta je."

Nan Sharifa ta ba ni haushi, don kuwa zama ta yi. Sai bayan azahar ta isa tasha, aka ce motar ta sauke mutane tun hantsi. Babu Inna.

Tsohuwa ce da ba ta gani sosai, ba waya, ba Faransanci, a garin da mai ido ma ke ɓata. Wayar Sharifa ta yi ƙara.

"Kun isa gida?" in ji Zaharaddin.

Cikin kuka ta faɗa masa gaskiya.

"Amana na ba ki, Sharifa. In wani abu ya sami uwata, ban san yadda zan sake zama da ke ba."

Ta bazama daga unguwar Liberté har Indénié, tana kutsawa tsakanin motocin haya da ake kira gbaka. Duk inda ta hango taro sai ta ruga can, ta ɗauka mota ce ta buge wata. Da la'asar ta tsaya gun wani dattijo mai tsire, Malam Inusa, tana tambayarsa ko ya ga wata tsohuwa baƙuwa.

"Yaya sunanki?" ya ce.

"Sharifa, Baba."

"Ashe ke ce! Tana bayan rumfata. Tun safe muke roƙonta sunan ɗanta mu nemo shi cikin mahauta, ta ƙi. Ɗan fari ne, kin san kunyar mutanenmu, bakinta ba zai kama sunansa ba. Abu ɗaya take maimaitawa — 'yata Sharifa za ta zo."

Sharifa ta zube gaban tsohuwar. Inna ta lalubo fuskarta, ta share mata hawaye.

"Ai na gaya musu za ki zo."

Sharifa ta kira mijinta a waya. A haka Zaharaddin ya same su. Ya buɗe baki, Inna ta riga shi: "Kai, bar mini 'yata."

Bayan an yi wa Inna aikin ido, wata guda Sharifa tana jinyarta har idon ya buɗe, mijinta kuma ya huce. Kada ku raina mutum don garinsu ba shi da abin da naku yake da shi. Wadda aka shanya a rana, a duk Abidjan sunan Sharifa kaɗai ta riƙe.