Mai Rufe Baya

Ƙarfe goma na safe, ranar kasuwar Na Pheng, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, Tuat ya ɗora bakin bindiga a kan akwatin gilashi a shagon gwal.

"Inna, buɗe. A hankali, kar ki fasa mana kaya."

Luc yana waje a kan babur ɗinsa, yana gadin sauran babura ukun da aka bari a kunne. Ta ƙofa yana hango komai. Tsohuwa Sinh, mai shagon, tana laluben makulli. Vien, surukin Tuat, ya buɗe bakin jaka yana jira. Hao kuwa, abokin Luc tun suna yawo babu wando, yana tsaye da adda a hannu, kuma ko makaho ya san bai san abin da zai yi da ita ba.

Lokacin da suka shigo kasuwar, babu wanda ya yi musu kallo biyu. Samari huɗu cikin rigunan ruwa, taɓo har gwiwa, kaya ɗaure a bayan babura an lulluɓe da leda. Duk damina irinsu na hawowa daga Hanoi su kalli gonakin shinkafa da magangarun ruwa, su ɗauki hotuna su koma. Kuma su ɗin ba shigar burtu suka yi ba. Shekara bakwai ke nan suna wannan yawo tare, bana ce kawai suka zo da bindiga.

Labule ya ɗaga. Tsoho Bang, mijin Sinh, ya fito riƙe da butar shayi, bai ma gane abin da ke faruwa ba. Tuat ya juya ya sauke masa gindin bindiga a goshi. Buta ta yi nata wuri, tsohon ya yi nasa.

"Yaya Tuat, ka ce ba za a taɓa kowa ba," in ji Hao.

"Rufe min baki, ɗan Mama. Vien, kwashe!"

Minti biyu, suka fito. Tuat ya saɓa jakar a baya. Babura huɗu suka tsaga kasuwa, kaji na tashi, kwandunan kabeji na mirginawa, suka kama hanyar dutse.

Tuat a gaba, sai Vien, sai Hao, sai Luc a ƙarshe. Haka jerinsu yake tun farko. Na gaba shi ke zaɓar hanya, shi ke shan yabo idan an iso. Na ƙarshe shi ake kira mai rufe baya, kuma jakin tafiya ne: sifanu, famfo, facin taya, bandeji da doguwar igiya duk a bayansa suke. Dokarsa ɗaya ce tak. Ba ya wuce kowa. Wanda tayarsa ta yi faci, wanda ya faɗi, wanda zawo ya kama, mai rufe baya zai tsaya da shi ko da sauran sun kai bangon duniya. Shi ya sa duk kwanar da aka sha, Luc sai ya ƙirga jajayen fitilun da ke gabansa. Ɗaya, biyu, uku. Abin ya bi jikinsa, ba ya ma sanin yana yi.

Shi fa bai so wannan aiki ba. Da Tuat ya kawo maganar a rumfar mai shayi, mako uku bayan an rufe masana'antar takalmin da suke aiki, Luc cewa ya yi a kai kasuwa. Amma Hao ya riga ya hau. Wai zai buɗe wa uwarsa shagon miyar taliya mai rufi, ta huta da talla a bakin titi.

"Kai dai matsoraci ne, mutumina," in ji Hao yana dariya. "Sau ɗaya ne fa. Mu shiga, mu fito, mu tsaya a magangarar Gashin Tsohuwa mu yi hoto kamar kullum."

Ranar tafiya uwar Hao ta naɗe musu shinkafa mai danƙo a ganyen ayaba, tana zaton yawon da aka saba ne. Ta dubi Luc ta ce, "Kai ne a baya ko, ɗana? To hankalina ya kwanta." Wannan magana ce ta kawo shi, ba gwal ba.

A can Na Pheng, Sinh tana zaune a ƙasa, kan mijinta a cinyarta, tana share masa jini da bakin riga. Ba ta ko kalli akwatin da aka yashe ba. Sufeto Khang ya iso da yaransa biyu, ya tambayi mai sayar da masara gasasshiya da ke gefen shagon.

"Su huɗu ne, ranka ya daɗe. Na ƙarshen da ƙaton kaya, har da igiya."

Khang ya gyaɗa kai. Shi ma ya yi irin wannan yawon kafin ya sa kaki. Mota ba za ta hau ba, ƙasa ta zaftare ta cinye rabin hanya tun shekaranjiya.

"Ku ɗauko babura. Hanyar ɗaya ce, kuma a ƙarshenta akwai rafi."

A saman dutsen gajimare ya sauko har kan kwalta. Luc ba ya ganin komai sai jajayen fitilu. Ɗaya, biyu, uku. Ruwa na shiga masa ta wuya yana gangarawa har cikin takalmi. Suka gama hawa, suka fara sauka. Tun daga nesa ya ji rurin Gashin Tsohuwa, magangarar da ruwanta ke zubowa fari fat daga tsauni. A nan hanya take yin mugun lanƙwasa, kuma duk wanda ya san ta yana taka birki tun da wuri.

Fitila ta ɗaya ta ƙara ja, ta sha kwana. Ta biyu ta ƙara ja, ta sha kwana. Ta uku — ta uku ba ta rage gudu ba.

"Hao!"

Tayar gaba ta zame. Babur ya kwanta, ya ja jiki a kan kwalta yana feshin wuta, ya daki turken siminti. Hao ya tashi sama, ya wuce ta kan turken, ya ɓace.

Luc ya tsaya. Ya danna hon sau uku masu tsawo, alamar da kowa ya sani: mutum ya faɗi, a dakata. A can ƙasa ya hango fitilu biyu a lanƙwasa ta gaba. Ta bayan ta ɗan yi jinkiri, sannan ta bi ta gaban. Ya zaro waya da jiƙaƙƙen hannu.

"Yaya Tuat, Hao ya faɗi. Ku juyo."

"Yana numfashi?"

"Ban sani ba, yana ƙasa cikin duwatsu. Ni kaɗai ba zan iya hawo da shi ba."

"Kai ne mai rufe baya, ƙanena. Yi aikinka."

Tuat ya katse wayar.

Luc ya kwance igiya, ya ɗaure a turken, ya sauka. Hao yana kwance a kan wani faffaɗan dutse, feshin magangarar na jiƙa shi. Ƙafarsa ɗaya ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa. Wannan ba ta dami Luc ba kamar jinin da ke fitowa ta gefen bakinsa. Ya cire masa hular kwano, ya tallafe kansa.

"Shege, ka ga ka iso wurin hoton kafin kowa."

Hao ya so yin dariya, tari ya hana shi. "Birki ne. Na taka, ƙafata ta wuce ƙasa fayau. Babu komai a wurin."

"Ƙarya ne. Jiya da yamma ni na ɗaure shi da hannuna."

"Yaya Tuat ya sake dubawa da safe. Kana bayi. Ya ce ya yi tauri da yawa."

Sai a lokacin Luc ya tuna. Da asuba a masauki, Tuat ya karɓi sifana lamba goma a wurinsa, wai madubinsa ne ke rawa. Tuat, wanda shekara bakwai bai taɓa riƙe sifana ba. Noti ɗaya ne ke riƙe sandar birkin baya. A sassauta shi har ya kusa fita, zai jure wa hawa, amma taka uku a gangara zai fice. Kuma Tuat ya san wanda ke bayan Hao, ya san ba zai wuce ba. Mutum biyu a kan hanya, ɗaya a karye, sun isa su riƙe 'yan sanda awa guda. Jakar kuma ta koma ta mutum biyu. Luc ya gane komai. Bai gaya wa Hao ba.

"Luc, tafi. Akwai 'yar hanyar gonar shayi a hagu, ka san ta. Ba su san fuskarka ba, kai ko shagon ba ka shiga ba."

"In ce wa Mamanka me?"

"Ka ce... ka ce na tsaya yin fitsari."

"Yi min shiru, kana ɓata numfashi."

Ya ɗaure masa ƙafar da bandeji, ya lulluɓe shi da rigarsa ta ruwa. Ya gwada goya shi, Hao ya yi wata ƙara da ta sa ya sauke shi. Babu yadda mutum ɗaya zai hau wannan gangare da wani a baya. Sai ya ji ƙarar babura daga sama, suna saukowa a hankali.

'Yar hanyar gonar shayi tana nan, taku talatin daga inda ya ajiye babur. Luc ya kama igiya ya hau. Bai kalli hagu ba. Ya tsaya a tsakiyar titi ya ɗaga hannuwa biyu.

"Kwanta! Kwanta a ƙasa!" in ji Sufeto Khang.

"Zan kwanta, ranka ya daɗe. Ni ne na huɗun. Amma mutumina yana ƙasa, yana zubar da jini. Ku taimake ni mu fito da shi, sannan ku yi min duk abin da kuka ga dama."

Khang ya dubi babur ɗin da ke kwance, ya ga sandar birki tana lilo babu noti. Ya dubi igiyar. Ya dubi Luc.

"Kai ne mai rufe baya?"

"Ni ne."

"Sauran biyun fa?"

"Sun wuce."

Ɗaya daga cikin yaran ya ce, "Oga, in muka tsaya za su haye rafi." Khang ya sauka daga babur ya cire rigar ruwansa.

Su huɗu suka yi aikin. Suka saro gora biyu, suka ɗaure Hao a kai, biyu na ja daga sama, biyu na turawa daga ƙasa, taɓo na zame musu a ƙarƙashin ƙafa. Luc yana ta yi masa magana, yana zaginsa, yana tuna masa shekarar da ya faɗa gonar shinkafa a gaban 'yan mata. Hao yana amsawa da "uhm". Can ya daina amsawa. Da suka kwantar da shi a kan kwalta, Khang ya sa yatsu biyu a wuyansa, ya daɗe, sannan ya ja rigar ruwan ya rufe masa fuska.

Luc bai yi kuka ba. Ya zauna a cikin ruwan da ke gudu a gefen titi, ya miƙa hannuwansa da kansa aka sa ankwa.

Ba a jima ba wayar Khang ta yi ƙara. Mai garin ƙauyen da ke bakin rafi ne. Rafin da jiya bai wuce idon sawu ba, yau ya kai ƙirji. A irin wannan rana masu babura igiya suke ɗaurewa daga gaɓa zuwa gaɓa, su haye ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan biyun sun iso, sun lalube kayansu, babu igiya. Mutanen ƙauye sun ce su jira, na gaban ya nuna musu bindiga ya shiga. An tsamo Vien maƙale a tushen gora, da ransa. Tuat kuwa ruwa ya tafi da shi, da babur, da jakar da ke bayansa.

Khang ya kashe wayar, ya kwance igiyar daga turken yana naɗewa a gwiwar hannu.

"Shekara nawa yana jan ku?"

"Bakwai."

"Bai taɓa tambayar wa ke ɗauke da wannan ba?"

Luc ya dubi igiyar a hannun Khang. Bai ji daɗi ba, bai ji an rama masa komai ba. Saƙo ya shigo wayar Khang, ya karanta ya ce tsoho Bang ma ya cika a asibitin gunduma, matarsa na riƙe da hannunsa. Luc ya sunkuyar da kai. A aljihun rigarsa har yanzu akwai ƙunshin shinkafar uwar Hao, ya jiƙe ya dame.

Wani manomi ya zo da keken shanu aka ɗora gawar, za a biyo da ita a hankali. Aka zaunar da Luc a bayan ƙaramin ɗan sandan, aka ɗaure ankwarsa a ƙarfen kujera. Khang ya shiga gaba, ɗayan ya bi shi, nasu ya zama na ƙarshe. Ruwa bai tsagaita ba. Suka juya suka kama hawa zuwa Na Pheng.

A kwanar farko bakin Luc ya motsa da kansa. Ɗaya, biyu. Ya waiga baya yana neman ta ukun.

"Me ka yar?" in ji ɗan sandan.

"Ba komai," in ji Luc. "Mu je."