Zoben da Ya Koma Ƙwai

Da ƙarfe goma na safiyar Talata wata mata ta hau matakalar shagon jaka, ta dire wayarta a teburin mai shagon. Ta ce yau sati uku da ta biya kuɗin koriyar jaka, ko a ba ta kayanta ko unguwa ta ji su.

Mai shagon, wadda ma'aikatanta ke kira Anti, ta duba wayar. Ta ga sunan shagonta, ta ga tambarinta, ta ga jakunkunan fata masu zoben tagulla da ake ɗinka mata. Amma shafin ba nata ba ne. Wani ne ya buɗe shi yana karɓar kuɗin mutane da sunanta. Abin da ya fi ɗaga mata hankali shi ne koriyar jakar nan ba ta ma fita kasuwa ba, kuma hotonta bai taɓa barin shagon ba.

Kafin 'yan sanda su iso, Anti ta gama bincike, ta yi shari'a, ta yanke hukunci. Irin matan nan ce da bakinsu ke riga kansu isa wuri.

Sajan ce aka turo, mace gajera wadda surutu ke saurin gundurarta. A ƙofar shagon ta ɗan tsaya, domin an manna wata takarda mai cewa MUNA KAI KAYA HAR GIDA, da hoton wani mutum a kan babur, fuskarsa da faɗi kamar faranti. Ta taɓe baki ta shige.

Ɗaki biyu ne shagon, tunda duk cinikin a intanet ake yi. Na gaba cike yake da kwalaye da leda. Na ciki akwai farin ƙyalle a bango, da fitilu biyu masu dogayen ƙafafu, da kwamfuta da firinta a kan tebur ɗaya. Wata mata mai kimanin shekara talatin tana zaune a kan kwali, idanunta jawur.

"Ga ta nan, ku tafi da ita," in ji Anti.

"Wace ce?"

"Tela muke ce mata, don ita ke auna hotuna ta yanke su. Mai Kyamara yana ɗauka duk Asabar, ya ba ta, ta juye a kwamfutar nan. Lambar sirrin daga ni sai ita. Ni zan cuci kaina? Na ma kira mahaifiyarta na faɗa mata. Ita ta roƙe ni na ɗauke ta aiki, gara ta san abin da ta haifa."

"Me tsohuwar ta ce?"

Tela ce ta amsa, da ƙyar muryarta ke fita. "Ta ce kada in taka mata gida sai an wanke ni. Kuma 'yata na can a wurinta."

Sajan ta matso teburin. Ta ajiye wayar matar da aka cuta kusa da ta Anti, shafin bogi a hagu, na gaskiya a dama, ta yi ta jan hotuna da yatsa. A shafin gaskiya jaka ce kawai a kan fari. A na bogi ana hango ƙafar fitila a gefe, da bakin ƙyalle inda ya yamutse. Wato hotunan na asali ne, ba a yanke su ba, kuma daga cikin gida suka fita. Nan dai Anti ta yi gaskiya. Amma akwai wani abu kuma. Jakunkunan hagu duk sun yi gajarta, sun baje, sai ka ce zama aka yi a kansu.

"A kawo min koriyar jakar."

Aka kawo. Sajan ta sa yatsa a zoben da ke riƙe da maratayin, ta juya shi. Zagayayye ne tsaf. Na cikin hoton kuwa ya koma ƙwai.

"Tela, nuna min yadda kike aikinki. Kada ki tsallake komai, ni ban san kan abin nan ba."

Tela ta share ido ta zauna.  Ta buɗe hoton wata baƙar jaka.

"Kyamara dogon hoto take bayarwa, ga nauyi. Shafinmu kuma ba ya karɓa sai tsawo da faɗi sun zo daidai, dubu da dubu. To sai in fara yanke sama da ƙasa da gefe, in fitar da fitila da ƙyalle. Sannan in kama kusurwa in rage, don tsawo da faɗi su ragu tare."

"In mutum bai yanke ba fa, kuma yana so ya cika wurin?"

"Sai dai ya danne shi daga sama, ko ya ja gefe. Amma kaya za su lalace. Ranar farko ake hana mutum wannan."

Sajan ta miƙa mata wayar matar. Sai a lokacin Tela ta ga shafin da aka yi mata sharri a kansa, domin tun safe zagi kawai ake ba ta, ba wanda ya nuna mata. Ta kalli zoben, ta yamutsa fuska. Haushin ɓarnar har ya so ya fi mata tsoron da take ciki.

"Da gangan ta yi, don ta ɓad da sawu," in ji Anti.

"Mai ɓad da sawu da ya iya yanka, ƙafar fitilar nan zai fara cirewa," in ji Sajan. "Ita ce ta tona cewa ɓarawon na gida ne. A kira min Mai Kyamara."

Mai Kyamara ya zo da fushinsa, dattijo mai furfura da ke ganin duk duniya ba wanda ya san haske sai shi. Kowa ya san sun yi cacar baki da Anti watan jiya, don ta ce hotunansa sun yi duhu.

"Kana ajiye kwafin hotunan a wurinka?"

"Ina ajiyewa. Aikina ne."

"Kun yi faɗa da mai shago?"

"Mun yi, kuma har gobe ni ke da gaskiya."

Sajan ta nuna masa shafin. Ya matso da wayar kusa da hancinsa, ya ja dogon tsaki. "Wa ya yi min wannan wulaƙanci? Awa biyu na yi ina gyara haske a kan zoben nan."

"Wannan fa?" Ta nuna masa hoton wata ƙaramar jakar hannu mai ruwan ƙasa.

"Wannan ba nawa ba ne. Dubi inuwa. Ko da ido a rufe ba zan ɗauki wannan ba."

Anti ta gyara tsayuwa. "Ni na ɗauka da wayata, satin da bai zo ba. Na tura a kwamfuta."

"Ka taɓa zama a kan kwamfutar nan?"

"Ni? Ina miƙa wa Tela memorin kyamarata, ta juye, ta ba ni abina."

Tela ta gyaɗa kai, Anti ma haka. Sajan ta sallame shi. Hoton da bai taɓa shiga hannunsa ba yana kan shafin bogi, don haka daga kwamfutar aka kwashi kayan.

Ta ja Tela gefe, ta rage murya. "In kin fita cin abincin rana, kina kashe ta?"

Tela ta saci kallon Anti.

"Ke nake tambaya. 'Yarki na jiranki."

"Ina barin ta a buɗe. Baba Ƙarami yana buga takardun adireshi da rana, don firintar a jikinta take."

"Wane ne shi?"

"Shi ke kai wa mutane kaya. Ƙanin mijin Anti ne."

"Me ya hana ki faɗa tun safe?"

"In ce ƙanin mijinta? A gabanta? Wa zai yarda da ni?"

Sajan ta koma bakin ƙofa, ta tsaya gaban takardar nan. Ɗazu fuskar ta kalla. Yanzu tayoyin babur ɗin ta duba, ta daɗe tana duban su.

"Wa ya haɗa muku wannan?"

"Baba Ƙarami," in ji Anti da alfahari. "Shi ba abin da bai iya ba."

Wajen ƙarfe ɗaya ya dawo, ƙato mai fara'a, ya rataye jakar aikensa a bayan ƙofa, ya gaida Sajan har da rusunawa. Ashe shi ne a kan babur ɗin, amma fuskarsa doguwa ce, ba ta da alaƙa da farantin da ke jikin takarda. Ya ji labari, ya girgiza kai, ya yi salati.

"Anti, ni dai shawarata a rufa wa yarinyar nan asiri. A sallame ta kawai, magana ta mutu a nan. Me ya kawo hukuma cikin harkar gida?"

Sajan ta lura cewa shi kaɗai ne a ɗakin bai nemi a nuna masa shafin ba. Ta yi hamma, ta ciro wayarta.

"Za mu duba. Kafin nan, malam, an ce kai gwani ne. Ofis sun dame ni da hoton sabon katin aiki, wai sai tsawo da faɗi sun zo daidai. Nawa dogo ne. Tela kuwa ba zan bari ta ƙara taɓa kwamfutar ba."

"Wannan ai abu ne mai sauƙi, ranki ya daɗe."

Ya zauna yana murmushi. Aka tura hoton. Ko minti ɗaya bai yi ba, ya kama saman hoton ya danno shi ƙasa har ya shige wurin.

"Ga shi, ya cika cif. Ba abin da aka yanke, ko hularki ba ta taɓu ba."

"Buga min."

Firinta ta yi ƙara ta turo takarda. Sajan ta ɗauka. Gajera ce dama, amma a takardar ta koma tulu, maɓallan rigarta duk sun zama ƙwai. Ta ɓanɓaro takardar ƙofa, ta jera su uku a tebur: hotonta, babur, da wayar da ke nuna koriyar jaka.

"Anti, zo ki duba maɓallina. Duba taya. Duba zobe."

Anti ta sunkuya. A karo na farko tun safe bakinta ya rufe.

"Wanda ya buɗe shafin nan ya kwashi hotuna daga kwamfutar nan," in ji Sajan. "Mai Kyamara ba ya taɓa ta. Tela ta iya yanka, da ita ce da ba mu ga ƙafar fitila ba. Mutuminmu bai iya yanka ba, dannewa kawai ya sani, kuma idonsa ba ya gaya masa ya yi ɓarna. Shekara nawa takardar nan ta yi a ƙofa?"

"Biyu," in ji Anti a hankali.

"Shekara biyu yana wucewa ta gaban fuskarsa a haka, bai ga aibu ba."

Baba Ƙarami ya yi dariya, amma ba ta kai idonsa ba. "Haba ranki ya daɗe. Mutum nawa ne a duniya ke jan hoto haka?"

"Da yawa. Amma a cikin masu zama kujerar nan kai kaɗai ne." Ta juya wajen matar da aka cuta, wadda tun safe ta ƙi tafiya. "Baiwar Allah, kira lambar da ke kan shafin."

"Na gaji da kira, ba sa ɗauka."

"Ba sai sun ɗauka ba. Kowa ya yi shiru."

Matar ta kira. Ɗakin ya yi tsit. Can sai aka ji gurnani a bayan ƙofa, ƙasa-ƙasa, daga cikin jakar aiken. Sajan ta zuge zik ɗin, ta ciro wata waya daga cikin safar hannu. Lambar matar ce ke haskawa a fuskarta.

Baba Ƙarami ya dubi matar yayansa. "Anti, don Allah kada Yaya ya ji."

"Zai ji a ofishinmu," in ji Sajan. "Tashi."

Anti ta zube a kujera. Kunya ta kama ta, amma irinta ba su saba da ita ba, sai ta nemi ta gama da wuri. "To, Tela, sai haƙuri. Sharrin shaiɗan ne. Koma kan aikinki, akwai hotuna na jira."

Tela ba ta motsa zuwa kujerar aikinta ba. Ta ɗauki wayar Anti daga tebur, ta miƙa mata da hannu biyu.

"Anti, da bakinki kika faɗa wa mahaifiyata. Ki kira ta da bakinki."

"Zan kira anjima, in hankalina ya kwanta."

"Da safe ba ki jira ya kwanta ba."

Sajan, wadda ta riga ta kai bakin matakala riƙe da hannun Baba Ƙarami, ta tsaya. Ta jingina da bango, alamar ba ta da sauri.

Anti ta danna lambar, ta buɗe murya yadda kowa zai ji. Bugu ɗaya aka ɗauka, tsohuwar ashe tana zaune da wayar a hannu.

"Mama, ni ce. Maganar ɗazu... ba ita ba ce. Ni na yi mata ƙazafi. 'Yarki ba ta ɗauki komai ba."

 Tsohuwar ta amsa, amma ba ta Anti take ba.

"Tana kusa? Ki ce mata ta taho gida. Tun safe ban iya sa komai a bakina ba."

Tela ta ɗauki mayafinta. A hanyar fita ta tsaya gaban kwamfutar, ta kashe ta, sannan ta sauka.