Motar Rukayyat Ta Tafi Kai Amarya

Ku matso ku zauna. Safiyatu, kife wayar nan. Kai kuma ɗan fari, shekara arba'in da uku ban taɓa kama sunanka ba saboda kunya, amma yau kunyar ta ƙare, Badamasi. Zan ba ku labari kamar na wani gida ne daban, sai dai ba zan canja wa kowa suna ba, kuma ni ma ina ciki. Wanda ya san zai katse ni, ya tashi tun yanzu.

A unguwar Gudu, nan Abuja, akwai wata yarinya, Rukayyat, mai sana'ar kifi. Ba zaman rumfa take yi ba. Da sassafe take tafiya kasuwar Kado ta zaɓo tarwaɗa da karfasa, ta gyara, wani ta yi bandarsa, ta jera cikin kuloli, ta kai wa gidajen Maitama da suka saba da hannunta. Mijinta Tawfiq ma'aikaci ne a wata hukumar gwamnati, kuma shi ne auta a gidansu. Auren so suka yi, irin wanda har yanzu in ta yi tari sai ya waiwayo. Shekara shida suna tare, ɓari biyu, babu ɗa a hannu. Da Allah ya ba ta ciki na uku, likita ta kafa mata sharaɗi a gaban mijin: ba ɗaukar nauyi, ba hawa babur, ba doguwar tafiya a rana.

Saboda cikin nan Tawfiq ya ce zai saya mata mota. Wata yamma tana zaune a kujera 'yar tsugunne tana barbaɗa wa kifi gishiri, ya tsuguna gefenta ya nuna mata hotuna biyu a waya. Ɗaya toka-toka ce, mummuna, mai faɗin baya, irin wadda kowane bakanike a garin nan ya san cikinta. Ɗayar baƙa ce doguwa, 'yar tokumbo, mai kujerun fata, ta tsufa a ƙasar waje amma tana ƙyalli kamar jiya aka ƙera ta. Rukayyat ba ta ko goge hannu ba, ta nuna ta farkon da haɓa.

"Wannan mai kama da akwatin burodi?" in ji shi, yana dariya.

"Akwatin burodin nan zai ci kula huɗu, Yallaɓai, in matso da shi har bakin rumfa a loda mini. Waccan kuwa ado ce. Ni ba ado nake nema ba, so nake in sauke abin da ke cikina lafiya."

Ya sumbaci goshinta ya ce an gama. Da a nan maganar ta tsaya, da yau ba mu zauna ba.

Amma auta ne, kuma a gidansu auta ba ya sayen babban abu sai ya kawo shi gaban manya. Ranar Lahadi aka haɗu a falon mahaifiyarsu, Hajiya. Yayansa Badamasi, wanda ke aiki a ƙarƙashin wani babban mutum a Maitama, ya karɓi wayar ya duba, ya ce a Abuja mai gadi ba fuska yake kallo ba, mota yake kallo. Wanda ya zo da irin toka-tokar nan, ƙofar baya ake nuna masa. Yayarsa Safiyatu, wadda ba a yin bikin ƙawa ko na ƙawar ƙawa ba ta ciki, ta ce matar ƙaninta ba za ta riƙa yawo a motar masu kai kaya ba, ana nuna su da baki.

Rukayyat na zaune a ƙasa kan darduma, kanta sunkuye. A ranta tana cewa ai ƙofar bayan take so, can kicin yake, can ake karɓar kifi. Amma suruka ba ta musu da yayyen miji a gaban uwarsu. Ta ɗaga ido ta dubi Tawfiq, shi kuma yana duban Hajiya. Hajiya tsohuwar 'yar kasuwa ce, ta fi kowa a ɗakin sanin motar da ke amfanar mai sana'a. Sai dai ta hango kanta a bayan baƙar motar nan ana kai ta gaisuwa, abin ya yi mata daɗi. Ta ce Allah ya sa albarka. Shi ke nan magana ta mutu.

Aka kawo mota, aka yi addu'a, aka ɗauki bidiyo aka watsa wa dangi. Makulli a hannun Rukayyat, kowa na cewa ta yi dacen miji.

Satin farko ta gwada. But ɗin, wurin zuba kaya na baya, bai ci fiye da kula biyu ba, ta ɗora ta ukun a kujerar baya, ta shimfiɗa leda. A wani rami ruwan kifin ya tsiyaya, ya bi ɗinkin fatar ya shige. Ta wanke, ta goge, ta turara, ƙarnin ya ƙi fita. Ranar Asabar Safiyatu ta ari motar don ɗauko amarya, domin a garin nan duk mai mota irin wannan ya san ba tasa ba ce shi kaɗai, ta masu biki ce. Da aka kunna sanyi, ƙarni ya taso. Ƙawayen amarya suka toshe hanci da mayafi, wata ta tambaya ko daga Kado aka ɗauko angon.

Safiyatu ba ta ko cire gwaggwaro ba ta dira Gudu. Ta wanke Rukayyat tas a tsakar gida, maƙwabta na ji, ta ce an ɗauko ta daga cikin ƙarni an sa ta a daraja amma ta ƙi zama. Badamasi ya bugo waya ya yanke hukunci: daga yau kifi ba ya ƙara shiga motar nan. Tawfiq ya zo ya same ta a ɗaki tana kuka, ya riƙe hannunta, ya roƙe ta ta yi haƙuri, wai na ɗan lokaci ne, kar a ce matarsa ta raba shi da 'yan'uwa. Ta share hawaye ta ce to.

Haka Rukayyat ta zama mai mota marar mota. Litinin zuwa Alhamis motar na lulluɓe da tamfol a ƙofar gida. Juma'a da la'asar a zo a ɗauka, yau Badamasi ya yi wa abokin aiki alkawari, gobe Safiyatu na da kamu. Asabar kuwa ita ce ranar da gidajen Maitama suka fi neman kifi. Barin sana'ar bai yiwu ba, don motar ta zame wa albashin Tawfiq rami: mai, da gyara, da kayan da sai an yi odarsu. Tukunyar gidan a kan kifin nan take tsaye. Ta koma shiga tasi. Direbobi ba sa son ƙarni, wanda ya yarda ya ɗauke ta ma a bakin babban titi yake sauke ta, ta ja kula da hannu har ƙofar gidan mutane. Tawfiq kuwa ta ce masa har ƙofa ake kai ta, don kar ta ƙara masa damuwa. Shi ma bai bincika ba, domin amsar ta yi masa daɗi.

Sau ɗaya ta roƙe shi ya hana motar fita ranar Asabar, ko ba don kifi ba, ta kasance kusa saboda lalura. Ya sosa kai ya ce Yaya ya riga ya yi wa mutane alkawari, in ya hana yanzu ya ci mutuncinsa. Ba ta sake tambaya ba.

A Kado akwai wata Angela, 'yar Filato, mai sayar da kifi a sari, tana da tsohuwar bas da aka cire wa kujerun baya. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk kai take ce musu. Ta ga Rukayyat na kokawa da kula, ta ƙwace daga hannunta.

"Ruka, kai da wannan ciki kana jan kaya? Ina motar da oga ya saya maka?"

"Ta tafi kai amarya."

"Kullum amarya, kullum amarya. To kai ba amaryar wani ba ne?" Ta sa lambarta a wayar Rukayyat, ta ce ko ina take, in abu ya faru ta kira.

Abin ya faru wata Asabar, ciki na wata bakwai. Rana tsaka, a wani layi mai hawa a Maitama, inda ba ka ganin kowa sai katanga da furanni. Tana jan kula ta uku sai ta ji kamar an soka mata wuƙa a mara. Ta durƙusa. Da ta duba zaninta, jini ne. Mai gadin gidan da ke kusa ya leƙo ta ƙaramar taga, ya ga mace a ƙasa da kular kifi, ya ce ba shi da izinin buɗewa, ya rufe.

Ta kira Tawfiq. Yana gida a Gudu, ba mota. Ya fita titi a guje yana kiran Badamasi, kira tara ba a ɗauka ba, kiɗa ya rufe wayar. Safiyatu ce ta ɗauka a ƙarshe. Ta ce suna tsakiyar jerin gwano, amarya na cikin motar, ba a sauke amarya a hanya, ya nemi tasi mana, ai masu ciki ba sa rabuwa da raki. Ta kashe.

Angela ce ta zo, kira ɗaya Rukayyat ta yi mata. Ta bar rumfarta a buɗe, ta keto gari da bas ɗin nan mai hayaƙi, ta shimfiɗa kwalaye tsakanin kulolin kifi, ta kwantar da Rukayyat, tana tuƙi tana kiran sunan Yesu, Rukayyat na salati a baya. Ko da Tawfiq ya isa asibiti an riga an shiga da ita tiyata. Wata nas ta miƙa masa zaninta a leda. Ya buɗe, jini da ƙarnin kifi. Ya kifa fuskarsa a ciki ya yi kuka irin wanda uwarsa ba ta taɓa jin ya yi ba, ko ranar da ubansa ya rasu.

An ciro 'ya mace, bakwaini, ba ta fi tafin hannu biyu ba, aka sa ta a kwalba. Likita ta kira Tawfiq da Hajiya gefe, ta ce sun ceci uwar, amma sai da suka cire mahaifar. Wannan 'yar da ke cikin kwalba ita ce ta farko, ita ce ta ƙarshe.

Da Rukayyat ta farfaɗo, ya durƙusa a bakin gadon ya kasa haɗa ido da ita.

"Kin faɗa mini wadda kike so," in ji shi. "Na ji, na kuma bar ki ke kaɗai."

"Tana numfashi?"

"Tana yi."

"To tashi ka je ka tsaya kusa da ita. Ni na gaji, ba ni da ƙarfin fushi."

Ranar Litinin ya je ya karɓo motar, ribon ɗin biki na nan manne a goshinta. Bai shawarci kowa ba, ya wuce wurin dillali ya bayar da ita, ya karɓo mai faɗin bayan nan. Kwana goma sha tara suna zarya tsakanin gado da kwalba, Rukayyat na tatsar nono ana ɗura wa 'yar ta hanci, yau a ce ta ƙaru, gobe a ce ta ragu. Ba a taɓa jin ta ambaci sunan wani da mugun baki ba. A kwana na ashirin yarinyar ta kama nono da bakinta. Allah ya duba haƙurin baiwarsa, ya bar mata guda ɗaya.

Labarin ke nan, kuma darasinsa ba ɓoyayye ba ne. Kyautar da aka yi wa mutum don idon jama'a, ba shi aka yi wa ba. Wanda zai yi amfani da abu shi ake tambaya, kuma namijin da ya kasa kare maganar matarsa a gaban danginsa, ita ce za ta biya da jikinta.

Yanzu na dawo kanku. Kai Badamasi, har jiya kana kumbura wai an sayar da mota ba a sanar da kai ba, alhali ka yi wa oganka alkawarinta bikin 'yarsa. Ke Safiyatu, sati uku ba ki taka asibitin nan ba, kin ce kunya kike ji. Ɗan'uwanku ya rantse ba za ku ga 'yarsa ba, ya toshe lambobinku. Kun san wa ya roƙe ni in tara ku? Ita. Tana kwance da ɗinki a ciki ta ce kar 'yarta ta tashi ba baffa ba gwaggo, tunda ba za ta samu ƙane ba.

Ni da bakina na sa wa motar nan albarka, ina sane. Na je na zauna a gaban surukata, sa'ar 'yar cikina, na ce ta yafe mini, kuma ban mutu ba. Jibi za a sallame su. Ba na so yarinyar nan ta shigo dangi a kan gaba. Ga ku ga juna, ku shirya yadda za ku je ku same su da abin da za ku faɗa, ku kashe maganar nan kafin jibi. Ina zaune, ina jinku.