Musayar Tsuntsaye

Shekara da shekaru Fasto Tembly na yankin Norfolk yana musayar busassun tsuntsaye na ajiya ta gidan waya da wani Ashdown da ke can tsibirin Borneo, ba su taɓa haɗuwa ba. Ƙa'idar ita ce in an aiko maka guda, ka mayar da guda. Kwatsam wasiƙun Ashdown suka ɗauke.

Ran nan da duhu ya fara, Tembly na dawowa ta hanyar fadama, sai warin kafur ya tare shi, irin na akwatin adana busassun tsuntsaye. Ga wani dogon mutum tsaye, duk sanyin nan bakinsa ba ya tururi.

"Fasto, Ashdown ne," in ji shi, murya kamar ana murza busasshen ganye. "Wannan karon kaina na aiko maka. Saura naka."

"Haba abokina, zolayar taka ta wasiƙa ce yau har baki da baki?" in ji Fasto.

Tembly ya ɗaga fitila. Auduga ce cushe a gurbin idanun mutumin, ƙafafunsa harɗe, ɗaure da zare, kamar yadda ake yi wa busasshen tsuntsu.

A hannunsa akwai 'yar takarda irin wadda ake rataya wa tsuntsu a ƙafa, mai nuna wuri da ranar da aka harbe shi. Sunan Tembly ne a jiki, da fadamar nan, da kwanan watan yau.