Bakan Gizon da Ya Fito Kudu

Injin ban-ruwa muka je ɗaukowa, ba wani abu ba. Mai garka, wato lambun tattasan da muke wa aiki, can ƙasan Cetimari, ba ya yarda injinsa ya kwana bakin kogin Komadugu saboda ɓarayi. Kullum bayan la'asar mijina Zarami ke ɗora shi a baro ya turo gida. Ran nan na bi shi da tsohon cikina, wai in tsinko yakuwar miya.

Mu ba ƴan nan ba ne. Garinmu yana ƙetaren kogin, wajen kudu. Ranar da aka ƙona shi muka faɗa ruwa da kayan jikinmu, Zarami na ɗauke da ɗiyarmu Bushra a wuya. Shi ya fito, ita ba ta fito ba. Tun daga nan ban sake jin sunanta a bakinsa ba.

Amma a kan zancen sama, bakinsa ba ya rufuwa. In Ya Fanna, tsohuwar maƙwabciyarmu a Gagamari, ta ce bakan gizo wani abu ne ke fitowa daga ruwa ya shanye hadari, sai ya yi ta dariya.

"Haba Ya Fanna! Hasken rana ne ke shiga ɗigon ruwa ya fito launi-launi. Sai rana na bayanki, ruwa na gabanki. Da safe ki neme shi yamma, da marece gabas. Inda kan inuwarki ya nuna, nan yake. Kuma ko da doki ba a cim masa."

Na sha wannan karatu har na haddace. Shi ya sa abin ke ci mini rai har yau. Kowa na iya ruɗuwa, amma ban da shi.

An yi yayyafi ya ɗauke. Ƙasa sai ƙamshi, dashen tattasai ya miƙe shar. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, kwaɗi sun cika wurin da kuka. Zarami na kwance tiyo, ni ina duƙe cikin yakuwa.

Sai kwaɗin suka yi tsit. Gaba ɗaya, kamar an rufe su da ƙwarya.

Na ɗago. Ga bakan gizo tsaye kan kogi, ja da kore da shuɗi, ban taɓa ganin mai kyansa ba. Har na buɗe baki in ce masha Allah, idona ya faɗa ƙasa.

Inuwata ta miƙe gabas. Gabas kuwa wayam, ko gajimare babu.

Shi yana kudu. Daidai mashigin da muka ƙetaro.

"Malam," na ce a hankali, "dubi inuwarka."

Bai duba ba. Tiyon ya sulale daga hannunsa.

Ƙafar abin ɗaya na can kan kufan garinmu, ɗayar cikin ruwa, kusa da mu ƙwarai. Ruwan wurin na juyawa. Ina jin ƙararsa, ƙwat, ƙwat, ƙwat, irin ta saniyar da ta kwana da ƙishi. Ruwan gaɓar kogin ya fara janyewa, laka na bayyana, ƙananan kifi na tsalle a kanta.

Ƙamshin ƙasa ya ɓace. Wani wari ya taso, na jiƙaƙƙen zane da ya daɗe a ƙulle.

Sannan muryar ta zo.

"Baba."

Siririya, ba kuka a cikinta. Yadda Bushra take kiransa in ya dawo daga gona.

Ɗan cikina ya dunƙule wuri guda. Ni uwarta ce, ni na haife ta, na san muryar fiye da shi. Ita ce, ba ko tantama. Amma ni na ga inuwata.

Zarami ya taka laka.

Na cafki hannun rigarsa. "Malam, kai ka ce ba a cim masa. Ga shi wannan bai ja baya ba. Jiranka yake."

"Na sani, Yakaka."

"Ka sani?"

"Hannuna ne ya sake ta." Da ƙyar nake jin sa. "Yanzu za ta ce na sake barinta."

"To wannan fa?" Na danna hannunsa kan cikina. Abin ya motsa, wallahi ya ji.

Ya janye hannun.

Ban sake shi ba, ya ja ni. Laka ta kai mini gwiwa. Sanyi ya daki fuskata. Launukan sun zo dab, kuma babu haske a cikinsu. Jan ya jiƙe, yana ɗiga.

Ƙwat. Ƙwat.

Na fara Ayatul Kursiyyu, harshena na sarƙewa.

"Inna," in ji muryar, "ke ma zo."

Yatsuna suka buɗe.

Na juya da rarrafe. Ban san hanya ba, idona ya rufe. Abu ɗaya na gani a kan laka, inuwata, doguwa, ta nufi gabas. Ita na bi, ina jan ciki, har ƙaya ta soke ni a tudu.

A bayana ƙarar ta tsaya. Kwaɗi suka sake ɗaukar kuka.

Da na waiwaya, kogi ya cika kamar kullum. Baro na nan, inji na nan. Sawunsa ya shiga laka, bai fito ba.

Masunta sun nema, ko hularsa ba a gani ba. Ba a yi masa sallah ba, tunda babu gawa. Kafin in yi arba'in ɗin haihuwa zance ya gama Gagamari, wai Zarami ya ƙetare ya koma wa mutanen daji, su ɗin da suka ƙona mana gari. Mai garka ya sallame ni. Mata a bakin famfo suna ganina sai hira ta mutu. Ya Fanna kaɗai ta yarda da ni, ita kuwa an ce tsufa ne.

Ana cewa in yafe masa. Ina ƙoƙari, Allah ya gani. Amma mutumin nan ya ji mai rai ta motsa a tafin hannunsa, ya zare hannun ya bi wadda ta riga ta tafi.

Mace na haifa, sunanta Nazifa. Yanzu in bakan gizo ya fito, jama'a na ɗaga kai, ni ƙasa nake fara dubawa.

Da daminar bana na koma gaɓar, ina tsintar itace da Nazifa a goye. Marece ne, kwaɗi suka yi tsit. Ban ɗaga kai ba. Na san inda yake.

Wannan karon muryar namiji ce.

"Yakaka. Kawo ta in gan ta."

Na tamke majanyi har yarinyar ta yi ƙara.

"Da kana so ka gan ta," na ce, "da ka tsaya."

Na sa inuwata a gaba, muka tafi.