Jakin da Rahamatu Ta Zana

"Ɗago ki dube ni, Rahamatu... ni ne wanga jakin?"

Attahiru ya miƙo min wata takarda. Muna tsaye a zauren gidanmu na Bodinga, ko zama ya ƙi yi, ga tabarma na shimfiɗa masa.

Na karɓa na duba.

Zanena ne, ba musu. Jaki ɗauke da mangalar albasa, an bar shi fari don yara su shafa masa launi. Sai dai idanunsa lumsassu ne, kuma wani siririn tabo ya raba girarsa ta hagu gida biyu.

Na ɗaga kai, sai ga tabon a fuskar mutumin da nake so.

Innalillahi! Wallahi ban san lokacin da hannuna ya yi wannan ɓarna ba.

"Yaya Attahiru, ni..."

"Yara na bina har masallaci suna kukan jaki. Ni da nake koya musu tarbiyya! Inna ta ce a dakata da kawo kayan sa rana."

Na dafa bangon zauren.

Aikin kammala karatuna ne a kwalejin horar da malamai. An ce kowa ya haɗa kunshin wasannin koyo na ƙananan yara, ni kuwa na zaɓi dabbobi: shafa launi, haɗa ɗigo da ɗigo har siffa ta fito, nema wa zomo hanyar raminsa. Dole a gwada shi a aji kafin a miƙa. Attahiru na koyarwa a wata firamare a Shagari, shi ya sa na ba shi ambulan ɗin. Manyan azuzuwa yake koyarwa, sai ya miƙa wa Sa'adatu, ɗiyar ƙanwar Innarsa, mai riƙe da aji ɗaya. Ko buɗewa bai yi ba.

Sa'adatu kuwa, kowa ya san ta daɗe tana yi masa kallon nata.

"Ki hwaɗa min dalili kawai, hasken idona," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Mi na yi miki?"

Me zan ce? In ce masa da zarar na ɗauki fensir a gindin dalbejiyarmu sai duniya ta yi shiru, in ga muna tafe ni da shi a gefen gonakin albasa, yamma ta yi sanyi, yana ba ni labari ina dariya? In ce sai Umma ta ƙwala min kira nake dawowa, in tarar shafi ya cika?

Na sunkuyar da kai don kunya.

Ya jira, ya jira, sannan ya sa takalminsa ya fita.

Kwanakin da suka biyo baya ko tuwo ba ya wuce min. Ambulan ɗin ya dawo ta hannun direban mota, na cusa shi ƙarƙashin katifa, tsoron kallonsa nake yi.

Gwaggo Binta, ƙanwar Babanmu, ita ta gaji da ni.

"Ke, tashi! Kuka ya taɓa ɗaura wa wata aure? Ɗauko tarkacen naki, Shagari za mu. Durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne."

"Gwaggo, gidan surukai? Da ƙafata?"

"Da hannunki kika yi ɓarnar, ƙafa ta biya."

Mun tarar da Inna Kande, mahaifiyar Attahiru, a tsakar gida tana tsince wake. Sa'adatu na gefe tana mata fifita, sai ka ce ita ta haife ta. Na zube nesa da tabarma, na ja mayafi har hanci.

Gwaggo ta yi gaisuwa mai tsawo, ta ba da haƙuri. Inna ba ta ko ɗago ba.

"Binta, ni ba ni da faɗa da ku. Amma ɗiyar da ta mai da yaron ga abin dariya tun tana waje, in ta shigo mi za ta mai da shi?"

"Gaskiya ne, Inna," in ji Sa'adatu. "Ni kaina sai da na yi hawaye."

Munafuka! Na haɗiye, na tura ambulan ɗin gabansu.

"Inna, ga shi duka. A sa a murhu. Na haƙura da karatun bana, in dai za ki yafe min."

Da gaske nake. Jibi ne ranar miƙawa, kuma ba ni da wani.

Sa'adatu ta yi wuf za ta ɗauka.

"Kawo in kai wuta, Inna."

"Aje! Tun yaushe kika zama mai saurin aike?" Inna ta kakkaɓe hannu. "In ga abin da za ni ƙonawa tukuna."

Ta zaro shafin farko. Zaki.

Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta, ta sake kusantowa.

Na biyu, gauraka. Na uku, kunkuru. Barewa, bushiya, zomo, har ɗan tsako.

Kowannensu da lumsassun idanu. Kowannensu da tabo a girar hagu.

Ni kaina sai a lokacin na gani. Na so ƙasa ta tsage in shige.

"Sa'adatu," Inna ta ce a hankali, "duka wannan aka ba ki?"

"E... awo, Inna."

"Sai jakin kaɗai kika ga ya dace ki buga ki raba wa yara? Shi kaɗai kika kawo min?"

Mafici ya faɗi daga hannunta. Sa'adatu ta tuna ta bar tukunya a wuta, ta yi waje.

Inna ta dube ni, sannan ta juya wajen Gwaggo.

"Binta, wagga ɗiya taku ba zagi ta yi ba. Ciwo ne gare ta, ita ma ba ta sani ba. Mutum ya rasa fuskar da zai ba kunkuru sai ta ɗan mutane!"

Gwaggo ta fashe da dariya har da tafi. Ni kuwa hawaye kawai nake yi.

Gyaran murya na ji daga bakin zaure. Ashe Attahiru ya taso daga makaranta, ya daɗe a tsaye. Ya matso, ya tsuguna, ya ɗauki shafin zakin.

"Rahama ta..." ya ce can ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji. "Ashe haka nake cika miki ido?"

Na ƙara jan mayafi.

"Kai, tashi nan, marar kunya!" in ji Inna. "Tahi ka hwaɗa wa kawunnanka, Juma'a za su Bodinga da kayan sa rana."

Ta shiga mayar da takardun cikin ambulan ɗaya bayan ɗaya, har ta zo kan na ƙarshe. Raƙumi ne a durƙushe, ya waiwayo kamar an kira shi.

Hannunta ya tsaya.

Ta sa babban yatsa ta rufe tabon, ta bar idanun kaɗai. Gwaggo ta daina murmushi.

"Wanga kam ki zana wa malamanki wani, ɗiyata," ta ce. "Ba ki taɓa ganin marigayi babansa ba... amma haka yake waiwayowa ya dube ni in zai fita gona."

Ta linke shi a hankali, ta sa a cikin zaninta.