Harawar da Muka Binne

"Kai ne! Wallahi kai ka jawo mana wannan masifa!"

Muryar Baba ce ta fito da ni daga ɗaki da hantsi. Tun da aka kawo ni gidan Muntaka ban taɓa jin ya ɗaga masa murya ba. Malam Isufu, mutumin da ko haɗa ido da surukinsa ba ya yi don kunya, yau ga shi a bakin garke yana nuna shi da yatsa.

Na leƙa... sai na dafe ƙirji!

Farar tunkiyar Baba ce ke juyawa wuri ɗaya. Kanta a karkace, kunne ɗaya ya faɗi, miyau na dalala, sai kewayawa take kamar an ɗaure ta a turke. Can gefe akuyoyinmu ne kwance, sun sandare. Jiya fa da yamma lafiya lau suke tuƙa!

"Innalillahi... Baba, me ya same su?"

"Tambayi mijinki, sarkin dabara!"

Asalin abin, bayan kaka ne kumandan Nasara ya aiko daga Damagaram a tara wa dawakin sojansa harawa gida-gida, wanda ya ƙi sai igiya. Muntaka ya ce ba zai noma wake dokin Nasara ya yi ƙiba ba. Ya haƙa rami bayan danga, muka zuba harawar tun tana ɗanya, da ƙasar jikinta da komai, ya rufe. A lokacin Baba har cewa ya yi Allah ya ba shi suruki mai kai, ya kuma turo tumakinsa garkenmu. Da rani ya tsananta aka buɗe ramin, ta yi baƙi-baƙi tana tsami, amma dabbobin suka yi ta rububinta. Mu kuwa har tausayin maƙwabta muke ji. Ashe mu ne abin tausayin.

Muntaka ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Baba, ku yi haƙuri... akwai saura. Saniyar Balki ma ta yi ɓari da asuba."

Saniyar nan Baba ne ya ba ni ranar da aka kai ni ɗaki. Tun da Muntaka ya gane ina da ciki, shi da kansa yake tatsar ta kowace safiya, ya kawo mini da ɗuminsa. Samarin Matameye har tsiya suke masa wai ya zama baran mata, shi ko a jikinsa.

"Tattara kayanki," in ji Baba. "Ba zan bar ki a gidan da tunkiya ke hauka ba."

Na shige ɗaki ina kuka. Muntaka ya biyo ni ya kama hannuna, nan take ya zaro ido.

"Balkina, jikinki zafi rau! Tun yaushe?"

"Ba komai..."

"Sanyin idona, kar ki ɓoye mini. Shi fa... lafiyarsa?"

Na sunkuyar da kai. Cikin fari ne, ko Innata ba na iya yi wa maganarsa, bare miji. Gaskiyar ita ce tun shekaranjiya ban ji motsinsa ba, kuma tsoro ya cika ni fal. Amma kunya ta ɗinke mini baki.

Ban kai ga ɗaure ƙullin kayana ba muka ji sallama da ƙarfi. Ranar kasuwa ce, labari ya riga ya zaga gari, har ya kai kunnen wani Bature likitan dabbobi da ya zo yi wa shanu allura. Ga shi da tafinta, ga gardin kumandan, wato dogarinsa, a bayansu da igiya rataye a kafaɗa.

Baba ya matso ya yi ƙasa da murya. "Duk wanda ya ambaci ramin nan, ban yafe ba."

Baturen ya buɗa bakin tunkiyar, ya duba akuyoyin, ya daɗe tsaye kan ɗan maraƙin da bai kai ba. Ni ina laɓe a bakin ƙofa ina jin tafinta.

"Ya ce ciwo ɗaya ne, amma kowace dabba da yadda yake kama ta. Akuya ba ta jimawa. Tunkiya sai ta yi ta kewaye har ta faɗi. Saniya kuwa wani sa'in lafiya za ka gan ta, sai dai ta zubar da ciki. Ya ce ya taɓa ganin irinsa a ƙasarsu, wurin dabbobin da suka ci ruɓaɓɓen abinci. Me kuke ba su?"

"Ciyawar Allah," in ji Baba. "Me muke da shi? Ai kumandan ya kwashe harawa."

Baturen ya ɗaga kafaɗa. "To in haka ne, wataƙila wani ciwon ne daban, bai san shi ba," in ji tafintan. Baturen ya juya zai tafi. Baba ya sauke ajiyar zuciya.

"Ranka ya daɗe!"

Muntaka ne.

"In da a ce ruɓaɓɓen abincin ne... mai ciki kuma ta sha nonon saniyar... me zai same ta?"

"Ya ce ba ya amsa 'in da a ce'. Me suka ci?"

"Muntaka!" Baba ya daka masa tsawa.

Muntaka ya waigo ya dube ni, kallon da har in mutu ba zan manta ba. Ya nufi bayan danga, ya sa hannu biyu ya yaye zanar da muka rufe ramin da ita. Tsami ya game gidan. Gardin ya riƙe baki, sannan ya yi wata muguwar dariya ya sauke igiyarsa.

Baturen bai yi dariya ba. Ya tambaya tun yaushe mai cikin take shan nonon.

"Kullum... ni nake ba ta, da hannuna."

"An dafa?"

"Da ɗuminsa nake kawowa..."

Tafintan ya juyo wurin Muntaka. "Ya ce ta daina yau ɗin nan. Ya ce ba shi da maganinsa. In abin da ke cikinta yana motsi, to a gode wa Allah."

Ban san sanda gardin ya ɗaure masa hannuwa ba. Sai ji na yi ana cewa za a kai shi aikin hanya, can wajen Damagaram, sai sanda kumandan ya ga dama. Baba da ke zaginsa ɗazu ya zube gaban gardin yana kuka kamar yaro.

"Ni na sa shi! Ni ne babba, ni za ku kama! Ɗana ne wannan!"

"A'a Baba, ni na haƙa," in ji Muntaka. "Ku dai riƙe mini ita."

Har an ja shi zuwa zaure ya turje, ya waigo. A gaban Baba, a gaban baƙi, ya ajiye kunya gefe.

"Balki... don girman Allah ki gaya mini. Yana motsi?"

Idonsa cike da hawaye, igiya na cin hannunsa. Na dafa cikina, ba motsi, shiru kamar dutse. Na ɗago na yi masa murmushi.

"Yana motsi, maigidana... yanzu ma ya shure ni."

"Alhamdulillahi!" Ya yi dariya, hawaye na zuba. "To ba komai! Gardi, mu tafi!"

Na tsaya ina jin takunsu har ya ɓace cikin hayaniyar kasuwa. Baba ya miƙe yana share fuska da hannun riga, yana ta hamdala.

"Baba..."

"Na'am, uwata?"

"Ku kira mini Inna... ta zo da ungozoma."

Ya dube ni, ya dubi hannuna da ke kan cikina, bakinsa a buɗe. A hankali ya koma ya zauna a ƙasa.